Motar da Ke Ƙin Tashi in Alhaji Na Ciki

Ku samarin da kuke zuwa garejina da salula a hannu, kuna ce mini aikin wayar mota ya zama wasa tunda an samu na'urar da za a jona ta faɗi ciwo, ku nake yi wa wannan bayani. Sunana Asumane, amma in kun tambayi Asumane a tashar Tawa mutum shida za a nuna muku, don haka ku ce mai waya. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina kwance a ƙarƙashin sitiyarin mutane, ƙafafuna a waje, kaina a inda wasu ke ajiye ƙafa. Na san warin ƙafar rabin manyan garin nan, kuma ban taɓa tona wa kowa asiri ba.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Akwai fitilar gwaji da na haɗa da kaina, ƙwan fitilar baya ne da waya biyu da tsinken ƙafar babur da na wasa bakinsa. Akwai fasasshen madubin kabu-kabu, da shi nake leƙa bayan feda inda wuya ba ya lanƙwasuwa. Sai sifana mai lamba goma, wadda ta fi kowane ƙarfe a garejin son yawo, da kwalin da nake shimfiɗawa don ƙasan mota a watan zafi yana iya gasa masa. Na'urar taku ma na saya, tana cikin akwati, ina fito da ita in baƙo ya zo don hankalinsa ya kwanta.

A saman fedar birki da ta ambiriyaj, wadda mutanen kudu ke ce wa kuloci, akwai wasu 'yan makunnai biyu, kowanne bai fi babban yatsa ba. Na birki shi ke kunna jar fitilar baya in an taka, a motoci masu canja giya da kansu kuma shi ke ba giya izinin motsi. Na ambiriyaj ɗan sanda ne. In ba ka taka feda ta kai ƙasa ba, ba zai bar wuta ta je wa dimarer mai tada injin ba, ko da kai ne ka sayi motar. Su ke nan, ba su da wani kwarjini. Amma na ga waɗannan 'yan abubuwa sun sa an sauke injin lafiyayye, na ga sun sa an yi wa mota turare.

Wata unguwarzoma daga Kalfu ta taɓa zuwa mini da ƙaramar motarta, ta canja batir biyu cikin wata ɗaya, kowanne kwana uku ya mace. Ta ajiye motar tun safe ta shiga kasuwa, sai azahar na samu kanta. Kafin in buɗe gaba na zagaya baya na ɗora tafina a kan jar fitila, na ji ta da zafi kamar an sauke ta daga murhu. A kunne take, ranar Tawa ce ba ta bari a gani. Na kwanta na leƙa ƙarƙashin feda, sai ga ɓurɓushin roba shuɗi a kan shimfiɗa kamar garin ƙuli-ƙuli. Wata 'yar roba ce da ke jikin feda, ita ke danne makunni in an saki birki. Zafi ya cinye ta, makunni ya zura kai cikin rami, yana zaton har abada ana taka birki. Na yanko guntuwar taya na cusa a ramin, fitila ta mutu. Da matar ta dawo na zuba mata ɓurɓushin a hannu, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Wanga abu na yac ci min batir biyu?" Na ce shi ne, Madam, kuma da kin sayi na uku ma bai ƙoshi ba.

Wajen Malam Ada na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Wata shida na farko aikina ɗaya ne: in zauna a kujerar direba, shi yana tsaye a baya yana cewa, "Taka. Saki. Taka. Saki." In na koma gida mahaifiyata ta tambaye ni abin da na koyo, sai in ce taka da saki. Ta kusa mai da ni gona. Daga baya ya fara sa ni in rufe ido in saurari ɗan ƙaran da makunni ke yi, in gaya masa a daidai ina feda take lokacin da ya yi ƙas. In na yi kuskure yana da wata wayar birkin keke da ke gyara kunne. Har yau in na taka fedar mota ina jin muryarsa a bayan wuyana.

Aikin da ya fi ba ni kunya kuwa, kuma ya fi zama mini a rai, na motar Alhaji Alkasum ne, dillalin shanu. Alhaji ya sayo wata kat-kat ta hannu, babbar motar nan mai ratsa rairayi, daga Kwatano, ƙasanta shimfiɗe da darduma mai laushi, cikinta na ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ya ɗauki Nomau ya tuƙa shi. Nomau mutumin Affala ne, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Shekara ashirin da wani abu yana jan tsohuwar bashe, a-kori-kura mai rufin tamfol, tsakanin Tawa da ƙauyukan arewa, mutane a sama, awaki a ƙasa, har bashe ta gaji, bayansa ma ya gaji. Mahaifinsa ya yi wa mahaifin Alhaji kiwo, wannan ya sa Alhaji ya tuna da shi. 'Ya'yan Alhaji ba su so ba. Suna da abokinsu da suke so a ba, kuma ba su ɓoye ba cewa tsoho bai san motar zamani ba. Nomau ya san abin da kowa a tasha ya sani: in wannan makulli ya fita daga hannunsa, babu mai sake ba mai furfura wani.

Zuwan farko shi kaɗai ya zo. Ya ce motar takan ƙi tashi, fitilun gaban sitiyari duk su kama, a murɗa makulli, shiru, ko tari babu. In ya fita ya buɗe gaba ya ƙwanƙwasa kan batir da dutse, wani lokaci sai ta tashi. Na ce ya tada in gani. Ta tashi. Ya kashe ya sake, ta tashi, har sau goma. Na kwance kawunan batir na goge su tas, na ɗaure, na ce ya je, ta warke. Ya yi ta godiya har na ji kunya.

Bayan kwana biyar suka dawo su biyu, Alhaji na huci. Motar ta yi musu gardama a ƙofar gida ranar kasuwa, kafin su isa wani ɗan Konni ya kwashe bijiman da Alhaji ya sa wa ido. Nomau ya fito ya rusuna gefe, ni na shiga na taka na murɗa, ta tashi kamar tana jirana. Na kwanta na sa fitilar gwaji a makunnin ambiriyaj, na danna feda da hannu, fitila ta kama, na saki ta mutu. Lafiyarsa lau. Duk da haka na cire shi na sa sabo. Ga gaskiyar da ba a gaya muku: in babban mutum na tsaye a kanka yana huci, hannunka da kansa yake neman abin da zai canja don a ga ka yi aiki. Na miƙa wa Alhaji tsohon makunnin da ba shi da laifin komai, na ce ga mugun nan.

Ranar Asabar bayan azahar sai ga su kuma. Wannan karon Alhaji bai yi huci ba, kuma shirun nasa ya fi ba ni tsoro. Ya ja ni inuwar bishiyar bedi, ya ce, "Asumane, ni dillali na, ina lura da abu. In nit tura Nomau shi ɗai, ko Abalak na, motag ga ba ta taɓa ƙin tashi. Sai ni ina ciki. To ko mota ba ta so na, ko Nomau ba shi so na. Mota kuwa ba ta san ni ba."

Na ce, "Haba Alhaji, Nomau hwa?"

Ya ce, "Ɗiyana sun ce da gangan shikai, don in ji kunya cikin mutane. Ban yarda ba. Amma gobe Lahadi, in tas sake, zan amshi makullina." Sai ya ƙara da cewa wani mai waya a bakin tasha ya ce aikin minti biyu ne, a yanke makunnin a haɗe wayoyin biyu, mota ta riƙa tashi ko an taka ko ba a taka ba. Ya ce in yi masa haka kowa ya huta.

Na ce masa ya nemi wani abu, wannan ba zan yi ba, kuma ya san dalili, duk Tawa ta sani. Shekarun baya na taɓa yi wa wani ma'aikaci wannan dabarar, ina ta jin kaina gwani. Wata safiya ya tsaya a waje ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli don mota ta ɗumama, ashe a giya ya bar ta. Ta zabura ita kaɗai ta rushe katangar maƙwabci, ta danne ragon layyarsa, a daidai wurin da tsohuwar gidan ta tashi daga tabarma ba da jimawa ba. Ragon ya tafi, tsohuwa Allah ya kiyaye. Shekarar nan ko keke ba a kawo mini ba. Aka sa mini suna mai tada mota ba direba, in na wuce masu shayi su riƙe teburansu. Gyaran tocila da rediyo na koma yi a bakin kasuwa har damina ta zagayo. Tun daga ranar ban sake haɗe wayar ambiriyaj ba, ko ta ubana ce.

Alhaji ya ce, "To mi za mu yi?"

Maganarsa ce ta tsaya mini, wai sai yana ciki. Sau biyu ina gwada motar, kuma ko sau ɗaya ban gwada ta yadda take ƙin tashi ba. Na farko Nomau shi kaɗai ne, na biyu ni na shiga, Alhaji na waje, Nomau na rusune. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wasan kwaikwayo za mu yi. Ka koma can bakin ƙohwa ka taho kamar daga gida kah hito. Nomau, kai ko ka yi duk abin da kas saba, kak ka rage komi, kak ka dibe ni."

Alhaji ya harare ni, amma ya tafi. Ya taho yana gyara babbar riga. Nomau ya yi sauri ya buɗe masa ƙofa, ya tattara masa gefen riga, ya rufe a hankali, ya zagayo ya zauna. Ni kuma na bar ƙofar direba a buɗe, na shimfiɗa kwalina a ƙasa, na zura kai da madubi kusa da fedoji.

Abin da na gani bai ɗauki ƙiftawar ido uku ba. Nomau na zama, sai ƙafar dama ta zame daga takalmi, ta hagu ma ta zame. Takalman nan ne na fata masu faɗi irin na arewa, an ƙara musu gindin taya saboda ƙaya. Bai ko sunkuya ba, da diddige ya tura su gaba can ƙurya inda ido ba zai gan su ba. Ɗaya ya kwanta a gefe, ɗayan ya shige daidai ƙarƙashin fedar ambiriyaj. Ya yi bisimilla ya taka. Feda ta sauka ta zauna a kan gindin taya, saura kaurin yatsa ɗaya ta kai inda makunni ke jiranta. Ya murɗa makulli. Shiru.

Dariya ta taso mini har cikina na rawa a kan kwali. Nan take na gane har da maganin dutse. In ya fita ƙwanƙwasa batir dole ya sa takalmi don rairayi na ƙuna, in ya dawo a rikice wani lokaci ya manta bai cire ba, mota ta tashi, dutse ya sha yabo. In kuma shi kaɗai ne ba ya cirewa, tunda babu wanda zai cire domin shi. Amma da na dubi ƙafar nan sai dariyar ta koma. Yana danna feda da duk ƙarfinsa, jijiyoyi sun tashi, ƙafar na karkarwa, ina jin yana karanta duk addu'ar da ya sani ƙasa-ƙasa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na bar shi kusan mako biyu cikin wannan hali.

Na sa yatsa na ja takalmin gefe, na ce, "Taka kuma." Ya taka, na ji ƙas, mota ta tashi. Na ce ya kashe. Na mai da takalmin inda yake, ya taka ya murɗa, shiru. Na ce, "Alhaji, leƙo nan ka ga mugun na gaskiya. Wancan da nib ba ka ranan nan, ƙarya nim mashi."

Alhaji ya sunkuyo da ƙyar saboda tumbi, ya bi yatsana da kallo. Na yi musu sau biyu don kada a ce sihiri ne. Nomau ya dubi takalminsa kamar yau ya fara ganinsa, gumi na bin gemunsa.

Alhaji ya ce, "Nomau, don mi kaka ɗebe takalmi cikin mota?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, kana zaune."

"To in ina zaune?"

"Alhaji, tun ina bin babana garke ban taɓa tsayawa gaban mahaihinka da takalmi ba. Ƙaƙa zan zamna kusa da kai, kahwaɗa da kahwaɗa, bisa darduma, da takalmi ga ƙahwa? Zaman ma da ƙyat nika yin shi."

Na dubi Alhaji. Ni na san abin da ke ransa, don ni ya gaya wa a inuwar bedi. Mako uku yana auna ko mutumin nan raina shi yake yi, ga amsar a ƙarƙashin feda da gindin taya. Can ya yi gyaran murya ya ce, "To na ji. Daga yau ka riƙa sa abinka. Ni nis sa ka."

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara naɗe kwali. Sai na ga Nomau ya zare makulli ya riƙe da hannu biyu ya miƙa wa Alhaji, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ka gahwarce ni, Alhaji. Wanga ya hi min sauƙi."

Na ce, "Kai Nomau, ka yi hankali! Aza takalman bayan kujera mana."

Ya ce nan Hajiya matar Alhaji ke zama. Na ce to can baya wajen kaya. Ya ce nan ake ajiye buzun sallar Alhaji da goronsa. Duk inda na nuna, akwai abin da ya fi takalminsa daraja. Na tsaya riƙe da madubin kabu-kabu, mai waya na shekara talatin, na gano ciwo sarai, kuma babu sifanar da za ta kama shi. Mutum zai bar abincin gidansa a kan takalmi, kuma na san ko za a yanka shi ba zai canja ba.

Alhaji bai karɓi makullin ba, bai ma dube shi ba. Ya tattare hannun riga, ya kwanto a kan sandar giya yana nishi, ya miƙa hannu tsakanin ƙafafun direbansa ya ɗauko takalmi ɗaya, ya sake miƙawa ya ɗauko ɗayan. Nomau ya zabura har kansa ya bugi rufi.

"Subhanallahi! Alhaji, takalmina ga hannunka?"

Alhaji ya karkaɗe su, ya jera su a nasa gefen, kusa da ƙafarsa. Ya ce, "Nan ba wurin Hajiya na ba, ba wurin buzu na ba, wurina na, kuma ni ad da iko da shi. Kai ka riƙe min mota, ni in riƙe maka takalmi. Mai da makulli ka taka, muna da kasuwa gobe."

Sai da Nomau ya yi sau biyu kafin makulli ya shiga. Ya taka da ƙafarsa tsirara har ƙasa, na ji ƙas, mota ta tashi bugu ɗaya. Bai iya duban gefen damansa ba. Ya ja bakin rawani ya goge fuska, ya ce ƙurar garejina ta yi yawa, alhali ranar na yayyafa ruwa.

Shekara huɗu ke nan, motar ba ta sake zuwa wurina da wannan ciwo ba. In kun je kasuwar dabbobi ranar Lahadi ku tsaya ku ga isowarsu. Mota za ta tsaya, direba ba zai motsa ba, sai Alhaji Alkasum ya sunkuya ya miƙa masa takalmansa tukuna.